Yarinyar Da Ta Ci Ƙwayar Rumman A Gidan Matattu

Mutanen Girka na zamanin da suna da wata tatsuniya wadda suka ɗauke ta da girma ƙwarai, har suka gina mata ɗakin bauta, suka yi kimanin shekara dubu suna taruwa dominta. Labari ne na wata yarinya mai suna Fasifoni, wadda sukan kira Kore, wato Budurwa kawai. A cikin allolin da suke bauta wa, ita ce mai sarauta biyu masu kishiyantar juna: ita ke zuwa da tsiro da furanni bayan wucewar sanyi, ita ce kuma sarauniyar matattu a ƙarƙashin ƙasa.

Mafi tsufan cikakken labarin yana cikin wata waƙa mai layi 495 da aka tsara wajen ƙarni na 7 ko na 6 kafin haihuwar Annabi Isa. Waƙar ta ɓace wa masana ƙarnuka masu yawa, sai a 1777 aka tsinci kwafinta guda ɗaya a birnin Mosko.

Ga yadda abin yake. Uwar yarinyar ita ce Dimita, mai kula da alkama da sha'ir, ubanta kuwa Ziyus, babban allolin. Ziyus ya ba da ita ga ɗan'uwansa Hedis, sarkin matattu, bai shawarci uwar ba, bai kuma tambayi 'yar ba. Ran nan tana tsinkar furanni tare da ƙawayenta, sai ƙasa ta tsage, Hedis ya fito a kan keken dawaki ya sure ta tana kururuwa. Dimita ta yi kwana 9 tana yawo da wuta a hannu, ba ci ba wanka, kafin Rana, mai ganin kome, ta gaya mata gaskiya: ai da yardar uban aka yi.

Da jin haka sai ta ƙaurace wa alloli, ta ɓad da kama ta zama tsohuwa, ta sauka garin Elusis ta shiga rainon ɗan sarki. Daga baya ta hana iri tsirowa. Shanu suka yi ta jan garma a banza shekara guda, mutane suka kusa ƙarewa. A nan ne mai karatu zai lura da wani abu: kukan yarinya bai motsa Ziyus ba, hawayen uwa ma haka. Abin da ya tashe shi tsaye shi ne ganin cewa in mutane suka mutu, ba mai yi wa alloli yanka. Yunwa ce ta buɗe ƙofar sulhu.

Aka aika a dawo da ita. Amma kafin ta fito, Hedis ya ba ta ƙwayar rumman ta ci, kuma wanda ya ci abincin gidan matattu ya zama nasu. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka aka raba shekara uku: kashi ɗaya tana ƙasa gun miji, kashi biyu tana gun uwa. Marubucin Rumawa Obid, wanda ya kira ta Furosafina, ya ce ƙwaya 7 ta ci, aka raba shekarar rabi da rabi.

An saba fassara watannin rashinta da hunturu, waƙar ma da lokacin furanni ta haɗa komowarta. Amma wani masani ɗan Suwidin, Martin Nilsson, ya kawo wata fahimta. A Girka ruwa da sanyi yake sauka, ana shuka wajen Oktoba, a girbe wajen Yuni, sa'an nan rani ya ƙone fili. A waɗannan watanni manoma kan adana iri cikin ramuka da manyan randuna a ƙasa. A ganinsa, Budurwar da ta shiga ƙasa irin nan ne, fitowarta kuwa ranar shuka ce. Duk manomin da ya taɓa hana 'ya'yansa damin iri alhali rumbu ya yi ƙasa, ya san nauyin wannan magana.

Matan Girka kuma wani abu dabam suka gani. A garin Lokiri na kudancin Italiya an tono allunan yumɓu masu yawa da aka kai ɗakin bautarta, wasu na nuna ɗaukar amarya, wasu na nuna ta zaune kan karaga kusa da mijinta. Gare su ita ce yarinyar da aka fitar daga ɗakin uwarta zuwa gidan da ba ta sani ba, wadda in ta zo ganin gida ma baƙuwa ce mai ƙidaya kwanaki.

Ma'ana ta uku ita ce mutuwa kanta. Kowace shekara, wajen Satumba, jama'a kan taka kimanin kilomita 20 daga Atina zuwa Elusis domin wani biki na asiri. Mata da bayi duk ana karɓarsu, muddin mutum na jin Girkanci kuma bai zub da jini ba. Hukuncin mai tona asirin kisa ne, don haka har yau ba a san cikakken abin da ake nuna musu ba, sai dai sukan koma da ƙarancin tsoron kabari. Bikin ya mutu bayan Sarki Tiyodosiyus ya hana bautar gumaka a 392, rundunar Alarik kuma ta rushe wurin a 396.

Iri, amarya da mamaci, duka uku ana miƙa su ne ga wurin da ido ba ya kaiwa, a zauna jira. Girkawa ba su yi wa kansu alkawarin cewa abin da aka miƙa zai komo yadda ya tafi ba. Dimita ta girgiza sama da ƙasa, amma kashi biyu cikin uku ta samu, 'yar da ta komo mata kuwa matar wani ce, sarauniyar wata ƙasa. Duk da haka ta karɓa, ta saki iri ya tsiro, mutane suka ci.