Kafin Iska Ta Taɓa Shi

Bayan Inna ta fita takaba, Kawu ya tara mu a zaure ya ce lokaci ya yi da za a raba abin da Malam ya bari, domin jinkirta gado ba alheri ba ne ga mamaci, balle ga masu rai. Mu bakwai ne, maza huɗu mata uku, ga kuma Inna da tumuninta. Dukiyar ba ta da yawa: gidan da muka tashi a cikinsa a Dukawuya, wata 'yar gona a hanyar Gwarzo, littattafai cike da kabad biyu, sai mota. Gida da gona ba su ba mu wahala ba, an kira masu ƙiyasi sun yi musu kuɗi, kowa ya ce ya amince. Motar ce ta kusa raba kawunanmu, kuma rigimar a kan launinta ta fara tun kafin a zo maganar kuɗi.

Peugeot 504 ce, wadda kowa ke kira Fijo. Malam ya saye ta da rancen mota a 1979, shekarar da soja suka miƙa mulki ga Shagari, lokacin yana koyarwa a wata kwalejin horon malamai. Daga Kaduna ta fito, daga masana'antar nan ta Kakuri da aka buɗe a 1975. A Faransa aka fara ƙera irinta a 1968, amma nan ƙasar ce ta zame mata gida, har Kaduna ta ci gaba da haɗa ta shekaru da dama bayan Faransawa sun daina. Ita ce motar manyan ma'aikatan gwamnati, ita ce ta alhazan Kantin Kwari, ita ce kuma ta tasha mai zuwa Jos da Maiduguri. Yawancin waɗanda muka tashi muna gani farare ne ko ruwan madara. Tamu ta fita daban. Ko a filin Idi, cikin ɗaruruwan motoci, daga nesa muke hango ta. Malam yakan ce sai da ya yi makonni yana jira, don an ba shi fara ya ce a'a. Bai taɓa faɗa mana dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Da idonsa ya raunana ya daina tuƙi, sai aka tura ta ƙarƙashin rumfar kwano a gefen zaure, aka lulluɓa mata tamfol. Shekara goma sha biyu tana nan. Tamfol ya yage, ƙurar hunturu ta hau ta zauna, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin ƙwai, yaran unguwa suna rubuta sunayensu da yatsa a gilashin baya. Ranar da muka yaye ragowar tamfol ɗin, abin da muka gani ruwan toka ne mai gari-gari. In ka shafa, sai ya biyo tafin hannunka kamar alli.

Babban yayanmu, wanda ya fi mu sanin kasuwa, ya ce kada a sayar da ita a haka, 'yan gwangwan ne kawai za su taya, su ma da awon ƙarfe. A kai ta gareji a yi mata sabon fenti fari, a gyara kujeru, sannan a nemi mai saye. Autarmu ta ce in dai fenti za a yi, to a mayar mata da launinta na asali. Yaya ya ce babu laifi, a yi mata koren. Babbar yayarmu ta ɗago kai ta ce wane koren? Motar Malam ai shuɗiya ce. Nan fa zaure ya ɗauka. Wannan ya ce ruwan ganye, waccan ta ce ruwan bula, wani ya rantse cewa ruwan omo ce. Mutum bakwai, kowa ya shiga motar nan sau dubbai, an kai mu makaranta a ciki, an kai wasu daga cikinmu ɗakin miji a ciki, amma ba a sami biyu da bakinsu ya zo ɗaya ba.

Muka koma ga hotuna. Na farko-farko baƙi da fari ne, masu kalar kuma sun tsufa sun koma ja-ja, har rawanin Malam ya zama ruwan hoda. Muka ɗauko takardun mota. A wata shekara wanda ya cike takardar ya rubuta kore, a wata shekarar wani ya rubuta shuɗi. Ashe ba mu kaɗai ta rikita ba.

Wataƙila harshenmu ma ya taimaka wa rigimar. Launukan da Hausa ta ba suna na kansu ba su da yawa: fari, baƙi, ja, shuɗi, kore ko algashi, rawaya. Sauran duk aro muke yi daga abin da ido ya saba gani. Ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan hanta, ruwan zuma, ruwan ƙasa, ruwan makuba, ruwan toka. Kowane launi sai an jingina shi da wani abu na kasuwa ko na madafi kafin a gane shi. To launin da bai yi kama da komai a gidanku ba fa? Sai kowa ya jingina shi da abin da ya fi kusa da zuciyarsa, shekaru su bi ta kai, abin da aka jingina ya maye gurbin na gaskiya.

Ɗayanmu da ya yi karatu a Ingila shi ya fara sa mana shakka game da fentin gaba ɗaya. Ya ce a can masu tara tsofaffin motocin tsere, irin su MG da Triumph da Jaguar, suna girmama motar da ke da launin da ta fito da shi daga masana'anta, musamman idan launi ne da mutane kaɗan suka zaɓa a zamaninsa. Akwai gidan adana motoci a wani ƙauye da ake kira Gaydon, inda aka ajiye tsofaffin kundayen masana'antu. Mutum zai aika lambar motarsa, a duba, a ba shi takardar shaidar ranar da aka ƙera ta da launin da aka fesa mata. Ya ce hatta koren nan mai duhu da aka san motocin tseren Ingila da shi yana da tarihi, ana danganta shi da wata gasa da aka yi a ƙasar Ailan a 1903, zamanin da kowace ƙasa take da launinta a fagen tsere, Faransa shuɗi, Jamus fari. Yaya ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce nan Kano ne, kuma shi bai taɓa ganin wanda ya ƙara ko sisi a kan mota don fentinta ya tsufa ba. Gaskiya ya faɗa.

Aka kira wani dattijo mai fenti daga wajen Ƙofar Ruwa don ya faɗi abin da aikin zai ci. Ya zagaya motar sau biyu bai ce komai ba. Ya ƙwanƙwasa ƙofofi da bayan yatsa, ya ce babu ciko a jikinta, ba a taɓa buga ta ba. Da muka gaya masa gardamarmu sai ya yi murmushi ya ce a ba shi makullin but. Ya ɗaga shimfiɗa, ya jiƙa tsumma ya goge wurin. Gani ya kori ji. Launin yana nan sabo fil, kamar jiya aka fesa, domin rana ba ta taɓa ganinsa ba. Muka yi cirko-cirko muna leƙe. Mai cewa kore bai yi ƙarya ba, mai cewa shuɗi ma haka. In ka dube shi ta nan ya yi kore, in ka karkata kai ya yi shuɗi.

Dattijon ya ce: "Alhaji, in kun ce in fesa zan fesa, sana'ata ce, da ita nake ci da iyali. Amma ku sani wannan ba ya dawowa." Ya yi mana bayani cewa a masana'anta gangar jikin mota ake fesawa tun ba a sa mata waya ko roba ko kujera ba, sannan a shigar da ita tanda a gasa fentin da zafin da motar da aka gama haɗawa ba za ta jure ba. Shi kuwa a fili yake aiki, da kwamfiresa da tina, yana fafatawa da ƙura. Zai iya haɗa launi ya kusanto, amma ido zai gane. Ya ƙara da cewa fentin da ake yi a da launi ne tun daga sama har ƙasa, ba kamar na yanzu da ake shimfiɗa launi siriri a rufe shi da mai sheƙi ba. Saman ne rana ta kashe, na ƙasa yana da rai. Ya lakato wani man gogewa a tsumma ya murza gefen ƙofar direba, wuri kamar faɗin tafin hannu. Tokar ta tafi, launin cikin but ya leƙo.

Hayaniyarmu ce ta fito da Inna. Ta tsaya daga bakin zaure da mayafinta, ta ce me ake yi wa motar Malam? Autarmu ta kamo hannunta ta kawo ta. Ta daɗe tana duban wurin da aka goge. Yaya ya ce: "Inna, ke za ki raba mu. Wannan kore ne ko shuɗi?"

Ta ce: "Ruwan baba ne, kafin iska ta taɓa shi."

Inna 'yar marina ce, mahaifinta a Ƙofar Mata ya yi rini har ƙarfinsa ya ƙare. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi ya san abin da take nufi, mu ne dai boko ya ɗauke mana hankali. Idan marini ya tsoma zane a ruwan baba ya ɗago, ba shuɗi yake fitowa ba. Kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya riƙa juyewa a gaban idonka har ya zama shuɗi. Tsakanin ɗagowar da juyewar akwai wani launi da ba ya wuce 'yan numfashi. Inna ta ce tana yarinya, in ta kai wa mahaifinta abinci, wannan take tsayawa kallo. Ta ce ta taɓa faɗa wa Malam, tun suna sabon aure, cewa duk duniya babu launin da ya kai shi kyau, ga shi kuwa ba a iya ɗaura shi. Daga nan ba ta ƙara ko kalma ba, ta ja mayafi ta koma cikin gida. Mu ma babu wanda ya dubi wani. Makonnin da Malam ya yi yana jira, sai a ranar muka san na mene ne.

Amma gado ba ya sanin launi. Kawu ya tuna mana cewa motar haƙƙin mutum takwas ce, kuma ba a hana mai haƙƙi haƙƙinsa don wani yana jin ƙauna. Yaya yana da 'ya'ya biyu a jami'a, ɗaya daga cikin matan mijinta ya daɗe ba aiki, autarmu kuma bikinta ya matso. Babu mai ikon ce musu su haƙura da rabonsu saboda tafin hannu guda na fenti. Aka yi kwanaki ana kai ruwa rana, har wasu suka daina ɗaga wayar wasu. A ƙarshe aka kira dillalai biyu suka yi mata kuɗi yadda take, uku daga cikinmu suka haɗa suka biya sauran rabonsu. Inna ta ce nata tumunin a bar shi a jikin motar. Yaya ya karɓi nasa, ya ce har yanzu yana ganin asarar kuɗi muka yi. Mai yiwuwa haka ne. Shi ne kuma ya aiko da sabon batir bayan mako biyu, bai ce daga wa ba, yaron shagon ne ya tona.

Dattijon ya yi kwana huɗu yana goge ta da hannu. Bai taɓa tabon da ke murfin inji ba, inda ɗayanmu ya kankare da ƙusa yana ɗan shekara shida, mun ce a bar shi. Rufin sama bai dawo sosai ba, rana ta ci shi da yawa. Da zai tafi ya ja mana kunne: kowace gogewa tana cin fentin ne, abin da ya rage ba zai ɗauki irin wannan aiki fiye da sau ɗaya ko biyu ba. A wanke da ruwa, a ajiye a inuwa, a bar ta ta tsufa.

Mu da muka tashi a gindin ganuwa mun san yadda sabuntawa take. A idonmu badala ta riƙa zaizayewa, a idonmu aka sake gina ƙofofi da dama da siminti aka shafe su da ruwan ƙasa don su yi kama da na da. Suna da kyau, motoci suna wucewa a sake, amma yaron da aka haifa yau zai ɗauka haka Ƙofar Dukawuya take tun fil azal. Da mun bi shawarar farko, da yanzu akwai wata farar Fijo a wani gari, mu kuma muna nan muna musu har tsufa, wannan na cewa kore, waccan na cewa shuɗi, Inna kuma ba za ta taɓa faɗa ba tunda babu wanda zai tambaye ta.

Motar tana tashi yanzu, ko da yake sai an lallaɓa ta da safe. Ranar Juma'a ɗayanmu yakan ɗauki Inna a ciki zuwa gaishe da 'yan'uwanta a cikin gari. Baya take zama, gefen hagu, inda ta saba. In mun ratsa cikin 'yan adaidaita sahu, duk ruwan ɗorawa, yara sukan nuna mu da yatsa. Rannan a wajen Kabuga wani saurayi ya leƙo ya tambaya a ina aka yi mana wannan fenti, yana so a yi wa tasa. Muka ce masa a Kaduna, a 1979.