Fuskar Mugu: Tsakanin Littafin Zane Da Majigi

A tsakiyar shekarar 2006 aka sanar cewa Heath Ledger, wani matashin ɗan wasa ɗan ƙasar Ostireliya, shi ne zai fito a matsayin Joker a fim ɗin The Dark Knight na darakta Christopher Nolan. Kafin a ɗauki ko da fitowa ɗaya, masoya littattafan Batman sun riga malam masallaci, sun yanke hukunci. Hujjarsu ita ce Ledger kyakkyawan saurayi ne da aka saba gani a finafinan soyayya irin su 10 Things I Hate About You na 1999, kuma fim ɗin da ya fi fito da shi a lokacin, Brokeback Mountain na 2005, labarin soyayya ne tsakanin makiyaya biyu maza, abin da wasu suka mayar abin ba'a. Ta yaya, in ji su, mai irin wannan fuska zai taka sawun Jack Nicholson?

Abin lura yana cikin wannan tambaya. Masu ƙorafin suna magana ne da sunan littafi, suna cewa a riƙe amanar asali, amma ma'aunin da ke hannunsu Nicholson ne, wato Joker na fim ɗin Batman da Tim Burton ya shirya a 1989. Shi kansa wancan fim bai tsira ba a zamaninsa, domin dubban wasiƙun ƙorafi aka aika wa kamfanin Warner Bros. kan ba Michael Keaton, wanda aka sani da wasan barkwanci, matsayin Batman. Bayan shekara 17, abin da aka yi wa tawaye ya zama shi ne asalin da ake karewa.

Idan aka koma ga littattafan zanen kansu domin neman wannan asali, sai a tarar ba fuska ɗaya ba ce. Joker ya fara bayyana a fitowa ta farko ta mujallar Batman a 1940, makashi mai sanyin jini da ke kashe mutane da guba mai barin gawa tana yaƙe. Siffarsa ma daga majigi aka aro ta, daga fuskar Conrad Veidt a fim ɗin The Man Who Laughs na 1928. Ke nan littafin da ake cewa fim ya bi sau da ƙafa, shi ma fim ya fara bi. Da aka kafa hukumar tace littattafan zane a Amurka a 1954, bisa zargin suna ɓata tarbiyyar yara, sai makashin ya koma ɗan tsokana mai dabarun ban dariya. Wannan Joker ɗin ne Cesar Romero ya fito da shi a talabijin daga 1966, mutumin da ya ƙi aske gashin bakinsa, aka dinga shafa farar hoda a kansa, kuma duk mai lura zai hango shi. Sai a 1973 marubuci Dennis O'Neil da mai zane Neal Adams suka dawo da shi kan kisa. Wanne daga ciki ne na gaskiya? Kowane mai karatu zai nuna wanda ya fara tsorata shi yana yaro.

Nolan da Ledger sun kauce wa littafi a wuri mafi fitowa fili. A littafi, fatar Joker ta yi fari ne saboda faɗawa cikin tankin sinadari. A fim ɗin 2008 kuwa fenti ne ya shafa da hannunsa, ya dame da gumi, ga tabon yanka a gefen baki biyu, kuma sau biyu yana ba da labarin yadda ya sami tabon, kowane labari ya saɓa wa ɗan'uwansa. Mugu ne marar tarihi, marar buƙatar kuɗi, wanda ke aika saƙon bidiyo na barazana ya kuma tayar da asibiti da bam. Amurkar da ta ga harin 11 ga Satumba 2001 ta gane wannan tsoro nan take. Ledger ya rasu a Janairun 2008 yana da shekara 28, wata 6 kafin fitowar fim ɗin, aka kuma ba shi kyautar Oscar a 2009 bayan ba ya raye. Gani ya kori ji. Sai dai masoyan ba su ajiye ma'auni ba, sauya shi kawai suka yi: da Jared Leto ya fito a Joker a 2016, da zane-zane a jiki da haƙoran ƙarfe, da Ledger aka auna shi, aka ce ya gaza.

Batun Mandarin ya fi wannan nauyi, domin a nan riƙon amanar asali yana da farashi. Stan Lee da Don Heck ne suka ƙirƙiro shi a 1964, lokacin yaƙin cacar baka, a matsayin babban abokin gabar Iron Man: Basine mai dogon gashin baki, da zobba 10 masu ƙarfin al'ajabi da ya samo daga jirgin wasu halittun sama. An gina shi a kan tubalin Fu Manchu na marubucin Ingila Sax Rohmer, wato tsohon hoton mutumin Gabas mai makirci da Turawa suka daɗe suna tsorata kansu da shi. Da aka zo shirya Iron Man 3 na 2013, fim ɗin da wani kamfanin ƙasar Sin ya shiga cikin shirya shi, darakta Shane Black ya ba Ben Kingsley matsayin. Tallace-tallacen fim ɗin suka nuna shi da gemu da alkyabba, yana jawabi irin na shugabannin 'yan ta'adda. A tsakiyar fim sai asiri ya tonu: ashe wani ɗan wasan kwaikwayo ne Bature ɗan Ingila, ɗan ƙwaya mai suna Trevor Slattery, wanda wani attajirin masanin kimiyya Ba'amurke ya ɗauka haya domin ya rufe ɓarnar gwaje-gwajensa.

Masoya da yawa sun ji an ci amanarsu, kuma ba za a ce ba su da hujja ko kaɗan ba. An yi musu alkawarin zaki, aka kawo musu kyanwa. Wanda ya shafe shekaru yana jiran ganin wannan karo yana da haƙƙin jin haushi. Amma abin da suke nema a dawo musu da shi, idan aka tuɓe masa riga, hoton wariyar launin fata ne na 1964. Fim ɗin kuwa ya faɗi wani abu da ya fi littafin zurfi, wato cewa baƙuwar fuska mai gemu ita ce mafi sauƙin sayarwa ga jama'ar da ke cikin fargaba, kuma akwai masu cin riba da sayar da ita. Wannan batu ba baƙo ba ne ga duk al'ummar da ta taɓa ganin kamanninta a matsayin mugu a fim ɗin wasu.

Kamfanin Marvel ya ja da baya kaɗan. A 2014 ya fitar da gajeren fim, All Hail the King, da ke nuna cewa akwai Mandarin na gaskiya a wani wuri. Da lokacin cika alkawarin ya zo a 2021, a fim ɗin Shang-Chi, ba mugun littafi aka kawo ba. Tony Leung, fitaccen ɗan wasan Hong Kong, ya fito a matsayin Wenwu, uba wanda mutuwar matarsa ta gigita, zobban sun tashi daga yatsu sun koma damatsa, shi da kansa kuma yana yi wa sunan Mandarin dariya. Wannan ya fi na Kingsley nisa da littafi ta fuskoki da dama, amma an karɓe shi hannu bibbiyu, domin ya ba da tsoro kuma ya ba da tausayi. Ashe ba biyayya ga littafi ake nema ba tun farko. Ana neman mugun da zai cika ido ne.

Manazarcin adabin Hausa ya san wannan muhawara da wani suna, wato baddala. Ba wanda ke rage wa Abubakar Imam daraja don labaran Magana Jari Ce sun saɓa wa tushensu na Larabci da na Turai. Akasin haka ma, a wannan saɓanin ake neman gwanintarsa. Amma da zarar an juya littafin Hausa zuwa fim, kamar yadda aka yi wa Shaihu Umar a 1976 da In Da So Da Ƙauna a shekarun 1990, tambayar da ke saurin zuwa baki ita ce ko an bi littafin, alhali wadda ta fi amfani ita ce me aka sauya, kuma don wa. Ɗan kallon Hausa ma yana da nasa wayon a nan. Kalmar da yake kiran mugun fim da ita, bos, matsayi take nufi, ba mutum ba. Kujera ce da Amjad Khan ya zauna a kai a Sholay, Amrish Puri ya zauna a Mr. India, har sunan Mogambo ya bi shi.

Bambancin littattafan zanen Amurka shi ne taurarinsu mallakar kamfani ne, marubuta da masu zane barkatai sun yi ta miƙa wa juna su fiye da shekara 80. Mai karatun da ya saye su wata-wata tun ƙuruciya yana jin shi ne magajin gida, tun da ya fi kowane darakta daɗewa da su, kuma kamfanin yana son ya ci gaba da jin haka muddin zai sayi tikiti. Hayaniyar da ke tashi duk lokacin da aka sanar da sabon ɗan wasa talla ce da ba a biya ko sisi ba. A 2019 Joaquin Phoenix ya fito a wani Joker da ba ya fuskantar Batman ko sau ɗaya, talaka mai taɓin hankali da gwamnati ta yanke wa tallafin magani, mai suna Arthur Fleck, sunan da babu shi a littattafan da suka gabata. Shi ma ya karɓi Oscar a 2020.