Yarinyar da ta riƙe mana taswira a tsaunukan Alp

A tsaunukan Alp, allunan hanya ba su cika faɗin kilomita nawa suka rage ba, awa nawa suke faɗi. Mutumin Maraɗi, da ya saba da ƙasa shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma, sai ya yi mamaki. Amma a can tsayi ne ke cin lokaci, kuma lissafinsu shi ne mai matsakaicin ƙarfi yana hawa kimanin mita 300 a awa guda.

Na je Faransa ƙaro ilimi ne, sai wani abokin aiki, malamin labarin ƙasa kamata, ya ja ni cikin watan Yuli mu yi zango ɗaya na hanyar da ke kewaya tsaunin Mont Blanc. Tsawonta wajen kilomita 170 ne, ta ratsa Faransa da Italiya da Suwis, kuma mutane kan yi kwana goma ko fiye a kanta. Namu rabon na yini ɗaya ne, daga garin Les Contamines zuwa ƙauyen Les Chapieux, kusan kilomita 18. Mu huɗu ne: ni, shi, matarsa, da ɗiyarsu mai shekara 11.

Tun a bakin hanya ya miƙa wa yarinyar taswira, irin wadda santimita 4 a kanta ke daidai da kilomita 1 a ƙasa. Ita ce a gaba, saboda ƙafarta ce mafi gajarta, kowa kuma sai ya bi takunta. Aikinta ne neman zanen fenti fari da ja da ake yi a kan duwatsu da itatuwa don nuna hanya. Muka bi gefen rafi har cocin Notre-Dame de la Gorge, daga nan hawa ya soma a kan tsohuwar hanyar dutse da ake dangantawa da Rumawa.

Abin tsoro a wannan zango hadarin yamma ne. Da zafi, girgije kan haɗu bayan azahar, kuma ba a son tsawa ta tarar da mutum a saman tudu inda babu mafaka. A masaukin La Balme, mita 1706, uban ya tambaye ta minti nawa za mu huta. Ta duba taswira: mashigar Col du Bonhomme tana mita 2329, saura hawan 623 ke nan, awa biyu da ɗan abu. Ta duba agogo, ta ɗaga kai ta dubi sama, ta ce minti goma sha biyar. Ni da na so in miƙe ƙafa sosai, ta ce mini: "Tonton, ka sha ruwa yanzu, a sama sanyi zai hana ka jin ƙishirwa." Uban bai ƙara ko kalma ba. Ya yi nasa lissafin a zuci, na gani a idonsa, amma ya bar mata hukuncin.

Abin ya tsaya mini a rai, domin ba wai ƴaƴanmu sun kasa ta ba ne. Yaro ɗan shekara 11 a Adar yana kai awaki kiwo shi kaɗai, ya san hadarin da zai zubar da ruwa da wanda iska ce kawai, ya san wace korama ce ba a ƙetarawa bayan ruwan sama. Ranar da ya shiga lakwal, taswira takan zama zanen da ake kwafa daga allo, a yi mata launi, a ba shi maki. Ba a cika tambayarsa ya zana hanyar gidansu zuwa rijiya, ya faɗi minti nawa ne, sannan a je a gwada ba. Wannan kuwa ba ya bukatar Alp. Duwatsun Birni a Damagaram ko tudun Dogon Dutsi sun isa, da takarda da agogo guda.

A wani fili da ake kira Plan des Dames akwai tsibin duwatsu da kowane matafiyi ke ƙara wa ɗaya. Ana cewa wata mata da mai yi mata hidima ne guguwa ta halaka a wurin. Muka aza namu. Kusa da mashigar muka taka ragowar dusar ƙanƙara, a tsakiyar Yuli, iska na yanka kunne. A nan na tuna cewa Bagzan, tsauni mafi tsawo a Nijar, mita 2022 ne, ga ni kuma tsaye sama da shi da mita 300 ina haki bayan ƴar aji shida.

Awa guda muka ƙara a gefen dutse kafin Croix du Bonhomme, sannan gangaren kusan mita 900, wanda ya fi hawan cin gwiwa. Tsawar farko ta same mu can ƙasa, cikin jajayen shanu masu ƙararrawa a wuya, waɗanda da nononsu ake cukun Beaufort. Ruwan bai sauko ba sai da muka cire takalma a ƙofar masauki.