Kafin Ka Danna Afdet, Tanadi Hanyar Dawowa

Yau kan sabunta babbar manhajar waya zan yi magana, musamman ga kai da kake nesa da mai gyara, ko kake koya wa wani ta waya.

Sana'ata gyaran waya ce a Bagauda, kuma yawancin masu kawo min aiki ba 'yan nan ba ne. Wani daga Kiru yake, wani Tudun Wada, wani ma sai ya ratsa dajin Falgore daga Riruwai. Idan afdet ya tsaya wa irin wannan mutum a tsakiya, ya rasa wayar, ya rasa abin da zai kira ni da shi, ga kuɗin mota na jiransa.

Masu kula da uwar garke, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet, sun daɗe da sanin wannan matsala. Mutum yana Kano, na'urarsa tana Legas ko Jamus, ta intanet kaɗai yake shiga cikinta ta wata ƙofa da ake kira SSH. In ya sabunta babbar manhaja ƙofar ta ƙi buɗuwa, shi ke nan, hannunsa ba ya kaiwa. Shi ya sa suke fara ɗaukar kwafin komai. Manhajar Ubuntu ma, idan ta ga daga nesa ake sabunta ta, da kanta take buɗe ƙofa ta biyu mai lamba 1022, ko da ta farko za ta rufe.

Kada ka ɗauka ƙaramin abu ne. Ranar 19 ga Yuli 2024, wani afdet na kamfanin CrowdStrike ya tsayar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 a duniya, har jirage suka kasa tashi. Da yawansu sai da ma'aikata suka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu, domin na'urar da ba ta tashi ba, ba a gyara ta daga nesa.

To, wayarka ma haka take. A kakar bara wani kawuna da ke sayen masara a Doguwa ya kira ni, wai wayarsa ta dame shi da saƙon sabuntawa. Na ce, "Kawu, cajinka nawa?" Ya ce ashirin. "Kun san kalmar sirrin Gmail ɗinku?" Ya ce yaron da ya sayar masa da wayar ne ya buɗe. Ga manhajar banki a ciki, ga lambobin dillalai, ga kasuwa tana ci. Na ce, "Don Allah Kawu ku bar shi, ba gudu zai yi ba." Da ya tashi zuwa Kano ya tsaya a shagona, muka canza kalmar sirrin, muka ajiye komai, sannan muka danna.

Wanda bai yi wannan haƙurin ba, na sha ganin yadda take ƙare masa. Caji ya ƙare ana tsakiyar aiki, waya ta maƙale a tambarin kamfani, sai filashin. Filashin kuwa yakan share hotuna da saƙonni. Bayan haka kuma, tun daga Android 5.1, wayar da aka goge takan nemi tsohon Gmail ɗin da ke kanta kafin ta buɗe. Na taɓa mayar wa wata baiwar Allah wayarta tana aiki lafiya lau, amma babu hoton mahaifiyarta marigayiya ko guda. Ranar ko kuɗin aiki ban iya karɓa ba.

Saboda haka, kafin ka danna, ka tabbatar da waɗannan:

1. Cajinka ya wuce rabi, ko wayar tana jone da wutar da ba za ta ɗauke ba.
2. Ka san Gmail ɗinka da kalmar sirrinsa, ka rubuta a takarda ka adana.
3. Ka kwashe hotuna zuwa memori ko wata waya, ka ajiye kwafin hirarrakin WhatsApp.
4. Akwai wuri a ma'adanar wayar, akwai isasshiyar data, kuma kana inda sabis ke da ƙarfi.
5. Akwai wata waya a kusa, ko da ƙaramar mai madannai ce. Ita ce ƙofarka ta biyu.

In ta fara, ka ƙyale ta. Ko ta yi minti ashirin a kan tambari, kada ka kashe ta da ƙarfi. Tun Android 7 na 2016 wasu wayoyi ke girka sabuwar manhaja a gefe, in ta ƙi tashi su koma tsohuwa, amma ba kowace waya ke da wannan ba.

Idan kuma wani kake taimaka wa daga nesa, kiran bidiyo na WhatsApp yana bari ya nuna maka fuskar wayarsa. Ka dai gaya masa kada ya buɗe manhajar banki kana kallo, kuma da zarar wayar ta mutu don ta sake tashi, kiran zai yanke.

Ban ce ka ƙi afdet ba. Shi ke toshe kafofin da ɓarayi ke bi, kuma manhajoji kan daina aiki a tsohon tsari, kamar yadda WhatsApp ya bar wayoyin da ke ƙasa da Android 5 a Oktoba 2023. Ka zaɓi ranar da kake da wuta da lokaci, ba daren jajibirin kasuwa ba. Allah Ya sa mu dace.