Ɗafa-goshin Quasi- da Hausar Zango

A Circle, babbar mahaɗar hanyoyin nan ta birnin Accra mai ɗauke da sunan Kwame Nkrumah, akwai layin da ake kira Tip Toe Lane, inda ake hada-hadar wayoyin hannu. A nan wani matashi ɗan Nima yake gyaran waya da rana, da dare kuma ya duƙufa a kan littattafai, domin yana shirin karatun shari'a. Wata rana wani baƙo daga Kano ya kawo masa gyara. Hira ta yi daɗi, sai baƙon ya yi murmushi ya ce, “Samari, wannan Hausar taku ai Hausa-Hausa ce.” Ya amsa da ladabi, “To, Alhaji,” ya miƙa masa wayarsa. Amma maganar ta kwana a ransa, don kuwa a makon ne ya yi karo da ɗafa-goshin quasi- a littafinsa na Turanci, kuma ya ga kamar jirgi ɗaya ya kwaso su.

Asalin quasi daga harshen Latin ne, inda aka haɗa quam, wato “kamar yadda”, da si, wato “idan”. Ma'anarta ita ce “kamar a ce”. A Latin kalma ce mai zaman kanta, sai Turanci ya are ta ya riƙa liƙa ta a goshin suna ko sifa. Aikinta shi ne nuna cewa abu ya yi kama da wani ta wasu fuskoki, amma bai cika shi ba.

Misalan da matashin ya tara sun fito da wannan fili. A littafin dokokin Rum da Sarki Justinian ya fitar a shekarar 533, an ambaci haƙƙin da ke hawa kan mutum quasi ex contractu, tamkar an ƙulla yarjejeniya alhali ba a ƙulla ba, kamar wanda aka biya kuɗi bisa kuskure, dole ya mayar. A Ghana, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ, wadda aka kafa a 1993, akan siffanta ta da quasi-judicial: tana sauraron ƙorafi, tana kiran shaidu, amma idan aka ƙi bin matsayarta sai ta garzaya kotu. A ilimin taurari kuma, kalmar quasar taƙaitawa ce ta quasi-stellar, abin da ke haske kamar tauraro amma ba tauraro ba ne, kamar yadda binciken Maarten Schmidt ya nuna a 1963.

Teburin sana'arsa ya taimaka masa wajen rarrabe ta da 'yan'uwanta. Wayar da aka manna wa tambarin wani kamfani don a yaudari mai saye, jabu ce, kuma ɗafa-goshin da ya dace da ita shi ne pseudo- na Girkanci. Shi kuwa semi- na Latin, rabi yake nufi. Quasi- ba ta zargin ƙarya, ba ta kuma auna rabi. Kama kawai take tabbatarwa, ta hana cika.

Hausa ba ta da ɗafa-goshi irin wannan, amma ba ta rasa hanya ba. Tana da kamar, tamkar da shigen. Tana kuma da cikakken ninki, inda ake maimaita kalma a gajarce wasalinta na ƙarshe: fari-fari, baƙi-baƙi, dogo-dogo, ruwa-ruwa, gishiri-gishiri. Da wannan ƙirar ce Alhaji ya yi wa Hausar Nima hukunci.

Sai matashin ya gano wata ƙa'ida: duk inda quasi- ta zauna daidai, ana iya faɗin abin da ya rage. CHRAJ ba ta da ikon zartarwa irin na kotu. To, me Hausar zango ta rasa? Abin da kunnen Bakano ya fi kamawa shi ne jinsi, domin a Accra akan ce “mota ne”, a kuma yi amfani da “ya” ga mace. Sai dai ko a Zazzau da Bauchi akan ji “motan” a inda Kano ke cewa “motar”, kuma ba wanda ya cire su daga Hausa. Wannan bambancin karin harshe ne. Hausa kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar. Fataucin goro ya kai ta Salaga, yaƙin basasar garin na 1892 ya watsa fatake zuwa wasu zanguna, kuma a Kete-Krachi ne Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna yana koyarwa da rubuce-rubuce har rasuwarsa a 1934.

Da ya kai labarin wa kakarsa a Maamobi, ba ta yi dariya ba. Ta tuna Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice. Guguwar ta haɗa har da waɗanda a Ghana aka yanke musu cibiya. Ta ce, “Maigida, a nan an ce mu kamar 'yan ƙasa ne, waɗanda suka tafi kuma can aka ce musu kamar Hausawa. Kamar ɗin nan ka kiyaye shi.”

A daren ya buɗe littafinsa, ya rubuta ma'anar quasi- da misalanta uku. A ƙarƙashi ya ƙara layi ɗaya domin tunatar da kansa: kafin a liƙa ta ga hukuma ko doka, a nemi abin da ya rage, kafin a liƙa ta ga harshen mutane, a fara tambayar wa ya riƙe mudun da ake awo da shi.