Daren Farko A Cades Cove

Ranar da muka tashi daga Knoxville, a jihar Tennessee ta Amurka, cikin watan Oktoba na 2019, na ga abin da sunan nan "tafi-da-gidanka" ya dace da shi sosai. Ɗaki ne sukutum a kan taya huɗu, da gado, da murhu, da firiji, da makewayi a ciki. Ba shi da inji. Mai masaukina, wani dattijo da ya yi aikin kafinta har ya huta, shi ya ɗaura shi a bayan a-kori-kurarsa. Uwargidansa ta zauna a gaba, ni kuwa a baya tare da kwandon abinci.

Duwatsun Great Smoky muka nufa, waɗanda ke kan iyakar Tennessee da North Carolina. Gwamnati ta keɓe su a 1934 domin jama'a su riƙa zuwa kallo da hutawa, a shekarar da na je kuwa fiye da mutum miliyan 12 suka ziyarce su. Hazo mai shuɗi-shuɗi da yake kwantawa a kansu kamar hayaƙi shi ya ba su suna. Da muka wuce ƙaramin garin Townsend sai hanya ta shiga kurmi tana bin rafi, ganyaye sun juya ja da rawaya, har muka fito wani kwari mai faɗi da duwatsu suka kewaye. Cades Cove ke nan. Ƙabilar Cherokee sun daɗe suna farauta a wurin kafin John Oliver da matarsa su zo su zauna a 1818. A bakin kwarin akwai zango mai filaye fiye da 150, kowane da lambarsa, da tebur, da wurin hura wuta.

Rana ta yi ƙasa sa'ad da muka sami filinmu. Na gaji, yunwa kuma ta taso. Dattijo ya yi ribas, ya shigar da ɗakin tsakanin itatuwa biyu, ya kashe mota. Na duba, na ce, "Baba, ai ya zauna daidai. Mu kwance shi mu ci abinci."

Bai amsa ba. Sai ya miƙo mini ma'aunin nan na magina, mai kumfar iska cikin ruwa, ya ce, "Malam, sa shi a daɓen ɗakin, daga bakin ƙofa, ka gaya mini abin da ya ce."

Na sa. Kumfar ta gudu gefen dama duka, ta laɓe can ƙarshe. Ashe gefen hagu ya nutse. A ƙasar duwatsu ido yana ruɗuwa, gama itatuwa da tebur da ƙasar da mutum ya taka duk sun karkata tare, babu abin da za a gwada da shi.

Na zaci maganar jin daɗi ce kawai, kada mai barci ya gangaro daga gado ko ƙofa ta riƙa buɗe kanta. Akwai wannan. Amma uwargida ta nuna mini babban dalilin. A cikin firijinsu akwai kwalaben insulin, allurar ciwon sukari da take yi kullum, wadda ake ajiyewa cikin sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Yawancin filayen zangon kuwa babu wutar lantarki. Firijin da gas yake aiki.

Manyanmu za su tuna da firiji mai kananzir a ɗakunan shan magani na ƙauye, wanda ake ajiye allurar rigakafi a ciki. To, iri ɗaya ne. Ɗalibai biyu a ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su suka ƙirƙiro shi a 1922. Ba shi da injin da ke tura kome. Ƙaramar wuta ce take dafa ruwa mai gauraye da amoniya. Amoniyar ta tashi tururi, ta huce ta zama ruwa, ta sāke zama iska a inda ake son sanyi tana kwashe zafin wurin, sa'an nan ta gangaro ta cikin bututu mai lanƙwashe-lanƙwashe ta koma inda ta fito. Nauyinta kaɗai ke komo da ita. Idan firijin ya karkata, sai ruwan ya taru a wata lanƙwasa ya ƙi wucewa, tukunyar ta yi zafi fiye da kima, garin da aka zuba a ciki domin hana tsatsa ya daskare ya toshe bututu. Wannan ɓarna ba ta warkewa, ƙaruwa take yi a hankali har ranar da firijin zai daina sanyi. Shi ya sa masu ƙera shi suke cewa kada karkatarsa ta gefe ta wuce digiri 3. Da na ji haka sai na gane abin da ya sa ma'aikacin ɗakin magani na garinmu yakan cusa gutsuren katako a ƙarƙashin ƙafar firijinsa, ya hana kowa matsar da shi.

Dattijo ya ce gefe da gefe ake fara daidaitawa, tun ɗakin yana haɗe da mota, domin motar ce za ta yi ɗagawar. Ya fito da abubuwa biyu na roba mai tauri, masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, baki ɗaya siriri, ɗaya mai kauri. Ni na sa musu suna matashin taya. A dā, in ji shi, katakai yake jerawa, ya hau, ya sauka ya auna, ya ƙara ɗaya, ya sāke hawa. Wannan kuwa yana ɗaga taya kaɗan kaɗan har inci 4, wato wajen santimita 10, duk inda aka tsaya kuma nan ne tsayinsa.

Ya cusa siririn bakin a gaban kowace taya ta hagu. Ya shiga mota, uwargida ta tsaya a bakin ƙofa tana duban kumfa, hannunta a sama inda zai gan ta ta madubi. Tayoyin suka hau sannu sannu, kamar tsohuwa a kan matakala. Da kumfar ta zo tsakiya sai ta dunƙule hannu, ya taka birki. Shekarun da suka yi suna wannan aiki sun sa ko magana ba su bukata.

Saura weji. Kowane matashi yana da nasa ƙaramin weji da ake turawa a ƙarƙashinsa domin kada ya juya, uwargida ta sa waɗannan. Ni aka ba manyan biyu na tayoyin dama. Wa ya fi ni sanin weji? Tun ina yaro nake ganin karen mota yana dirowa da guntun icce sa'ad da babbar mota ta tsaya a kan tudu. Na sa su da sauri, na ce an gama.

Dattijo ya buɗe makullin mahaɗi, ya soma juya jak ɗin da ke gaban ɗakin. Bakin ɗakin ya tashi daga dunƙulen ƙarfen da ke bayan mota. Nan take gefen dama ya motsa baya, bakin ya karkace, ƙafar jak ta ja ƙasa tana ƙara. Sai sarƙa ta miƙe, kas! Ɗakin ya tsaya.

Gabana ya faɗi. A gaban tayoyi na sa wejin, alhali filin baya ya gangara. A ƙasan gangaren kuwa akwai tanti, da yara biyu suna wasa a bakinsa. Motsin bai fi taƙi ɗaya ba, amma ɗakin ya fi tan 2 nauyi, ba shi kuma da birkin hannu irin na mota. Sarƙoƙi biyu da ke haɗa shi da mota su suka riƙe shi, gama dattijo ba ya kwance su sai ya ga ɗakin ya tsaya da kansa.

Ya zagayo, ya dubi wejina, ya dube ni. Ya ce, "Malam, ina ruwa zai bi in an zuba shi a nan?" Na nuna. Ya ce, "To, can ake fara sa weji." Ya ɗauko waɗansu biyu, muka tare tayoyin gaba da baya, ya buga su da ƙafa har suka kama. Muka mai da mahaɗi, muka sāke awo daga fari. Bai ƙara ta da maganar ba, ni ma ban so ya tayar ba.

Sauran aikin bai ɗauki lokaci ba. Aka juya ma'auni ya dubi tsawon ɗakin, aka ɗaga jak har kumfa ta zauna tsakiya. Daga ƙarshe aka saukar da ƙafafu huɗu na kusurwa. Ba a ɗaga ɗaki da su, aikinsu hana girgiza ne kawai, wanda ya ɗora musu nauyi kuwa zai lanƙwasa su.

Duhu ya yi kafin mu ci abinci. Bayan mun gama muka kwashe kome muka kulle a ciki, domin dokar wurin ta hana barin abinci a waje saboda beyar, ta kuma hana kusantarsa ƙasa da yadi 50. Sanyi ya sauko daga duwatsu. Na kwanta ina jin rafi daga nesa, barci bai zo da wuri ba.

Da asuba uwargida ta buɗe firiji, ta duba ma'aunin zafi, ta ce digiri 4. Ta yi allurarta, ta zuba mai a kasko, man ya tsaya a tsakiya. Muka bar ɗakin a kan matasansa, muka bi hanyar nan mai mil 11 da ta kewaye kwarin, muka wuce bukkar katako ta John Oliver, da bareyi suna kiwo cikin hazo, da talotalon jeji a bakin hanya.

Kwana uku muka yi. Ranar tashi, dattijo ya haɗa mota, ya kulle mahaɗi, ya ɗaura sarƙoƙi, ya ja su da hannu ya gwada. Sa'an nan ya ce, "Malam, yanzu cire wejinka."