Fim Ɗin Da Ya Hana Mu Barci

A hutun da ya wuce yayanmu ya tura mana wani fim a wayar Inna, sunansa Gretel & Hansel, na shekarar 2020. Mun san labarin tun muna firamare: yara biyu sun ɓace a daji, suka tarar da gidan wata mayya da aka gina da burodi da kayan zaƙi. Don haka muka zauna kallo har da autanmu mai shekara shida.

Ashe mun yi ganganci. Gidan baƙi ne wuluk, babu ko alewa ɗaya a jikinsa. Teburin mayyar kullum cike yake da abinci, sai daga baya Gretel ta gano daga naman yara yake fitowa. Ranar a tabarma ɗaya muka kwana mu huɗu, fitila a kunne.

Da aka dawo makaranta muka kai ƙara wurin malamarmu ta Turanci, wai masu fim sun ɓata tatsuniyar yara. Ta yi dariya, ta ce tun asali haka take da ban tsoro. Wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa, Jacob da Wilhelm Grimm, su suka tattara irin waɗannan labarai suka buga a 1812. A Cinderella tasu, ɗaya daga 'yan matan gidan yatsan ƙafarta ta yanke don takalmi ya shige ta, ɗayar kuma dunduniya. Fim ɗin kamfanin Disney na 1950 kuwa babu jini a cikinsa. Mu ma da muka tuna, ai Dodon tatsuniyar kakarmu ba wasa yake da yara ba.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai ba mayyar ba ce. A farkon fim ɗin uwar yaran ce da kanta ta kore su da gatari saboda abinci ya ƙare. Malama ta ce a bugun 1812 ma uwa ce ta sa aka kai su daji, daga baya aka mai da ita kishiyar uwa.

Autanmu bai manta wannan wurin ba. Wata ranar Juma'a Inna tana auna garin tuwo, tana ƙorafin tsadar masara, sai ya ce, "Inna, in garin ya ƙare mu ma daji za ki kai mu?"

Muka kwashe da dariya. Inna ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallonsa, da dare ta ƙara masa malmala ɗaya, wayar kuma har yau tana cikin akwatinta.